Tsegumi: Sitika Sabuwa, Inji Tsoho

Ku matso kusa, don yau muryata ƙasa-ƙasa take. Ba mura ce ta kama ni ba, duk da hunturu ya fara leƙowa. Abin da na kwaso a makon nan ne bai dace a faɗe shi da ƙarfi ba. Sharaɗinmu yana nan kamar kullum: sunan da ya riga ya fito a jarida zan faɗa, wanda aka raɗa mini a kunne kuwa zan bar shi a aljihu. In ka ji labari ya yi kama da naka, ka haɗiye ka yi shiru. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Yadda aka yi mini sakiyar da ba ruwa

Da kaina zan fara, kada a ce mai tsegumi ba ya tsegunta kansa. Bara na sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ƴar gwanjo. Mai shagon ya rantse mini daga Landan ta zo, wai wata tsohuwar Baturiya ce ta yi amfani da ita wata shida kacal. Kun dai san garin nan, duk motar Kwatano da duk kwamfutar gwanjo ta tsohuwar Baturiya ce. Shagon ba zan faɗa ba, layin ma ba zan faɗa ba. A gefen madannai an liƙa sitika mai sheƙi, an rubuta Core i7. Na biya, na rungumo ta kamar amarya, na shekara ina yi wa abokaina fankama.

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, wato ya daina aiko mata da facin da ke toshe ƙofofin ɓarayin intanet, sai ga wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adin shekara guda. Autana ya ce, "Baba, sai mu koma Windows 11." Muka danna, muka sake dannawa. Kwamfutar ta ce ba da ita ba, gaɗa a hurumi.

Na ɗauke ta sai Titin Beirut, wurin wani yaro mai ɗan teburi da fitila da tarin sukundireba. Ya kunna ta, ya leƙa inda na'ura ke bayyana asalinta, ya ɗago ya dube ni irin duban da likita ke yi wa mai hawan jinin da ya ce ya daina cin gishiri.

"Baba, wa ya sayar maka da wannan?"

"Injiniya, gyara na kawo, ba ƙara ba."

"To, Baba, i5 ce, zubi na huɗu, ta wajen 2013. Sitikar ce kaɗai i7. Irinta a takarda ake sayarwa, jere kamar kan sarki."

Ya zaunar da ni a benci ya yi mini karatun da ya kamata in nema kafin in zaro kuɗina. Asirin yana cikin lambar da ke bin i5 ko i7. In ka ga 4300, lambar farko 4 ce, zubi na huɗu ke nan. In ka ga 8250, zubi na takwas. Windows 11 kuwa, ban da ƴan tsiraru, daga zubi na takwas take karɓa, kuma sai da wani ɗan makullin tsaro da ake kira TPM 2.0. Ya ce a irin waɗannan kwamfutocin ofis, i5 ta zubi na takwas ta fi i7 ta zubi na huɗu gudu, don ta farkon ƙwaƙwalwa huɗu gare ta, ta biyun kuwa biyu. Ka nemi ram ɗin da bai gaza gig 8 ba. Ka tabbata rumbun ajiyarta SSD ne, ba tsohon faifan nan mai juyawa yana ƙugi ba. Batir kuma, ka zare caja ka zauna a shagon rabin awa kana kallonsa, ko da mai shagon zai ɓata rai.

Ya kuma raɗa mini abin da ake raɗe-raɗi a layinsu: ofisoshin Turai da Amurka suna ta sauke tsofaffin kwamfutocin da Windows 11 ta ƙi, kuma kowa ya san tashar jirgin ruwan da za su sauka. Da dalar gwamnati tana wajen naira 460 kafin Yunin 2023, ma'aikaci kan iya yin adashi ya sayi sabuwa a kwali. Tun da ta haura 1,500 a 2024, kowa ya koma gwanjo. Masu buga sitika kuwa kakarsu ta yanke saƙa.

"Baba," in ji shi yana kwance kusoshin bayanta, "ba a cinikin biri a sama. A buɗe ciki a gani."

Na bar masa ita, na fito da wannan magana tana yi mini yawo a ka. Duk inda na zauna a makon nan kuwa, sai in ga sitika.

Hula uku a but ɗin mota

Wani direba da muke haɗuwa a teburin mai shayi ya rantse mini da girman Allah cewa maigidansa yana yawo da hula uku a but ɗin mota. Maigidan ɗan siyasa ne matsakaici, bai kai a sa shi a kanun labarai ba, amma ya wuce a bar shi a tsaye a wurin taro. Hula ɗaya ja ce. Ɗaya mai zanen tsinkakkiyar sarƙar nan ce irin ta Shugaba Tinubu. Ta ukun fara ce sol, ta zuwa ta'aziyya da ganawar tsakar dare da ƴan haɗaka.

"Kafin mu ƙarasa gidan da za mu," in ji direban, "sai Yallaɓai ya ce in rage gudu in ƙirga masa motocin da ke ƙofa. In na faɗa masa na su wane ne, sai ya ce in tsaya in buɗe but."

Kada ku yi masa dariya shi kaɗai, a wurin manya ya koya. A Afrilun 2025 gwamnan Delta ya kwashe kayansa daga PDP zuwa APC, tare da Ifeanyi Okowa, mutumin da ya yi wa Atiku takarar mataimaki a 2023. Na Akwa Ibom ya bi a watan Yuni, na Inugu a Oktoba. Jam'iyyar da aka kafa a 2013 don ta kori PDP, yau in ka leƙa falonta sai ka ga rabin kujerun ƴan PDP ne a kai. A ɗaya ɓangaren, a watan Yuli aka ɗaura auren haɗaka a inuwar ADC, aka ba David Mark riƙo, wanda ya shekara takwas yana shugabancin Majalisar Dattawa a zamanin PDP, aka ba Rauf Aregbesola sakatare, wanda ministan Buhari ne. Ga Atiku, ga El-Rufai, ga Amaechi. Ni dai na zuba ido ina neman baƙuwar fuska, idona har ya yi ruwa. Mu nan Kano ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Kwankwaso ya yi PDP, ya yi APC, ya koma PDP, ya shiga NNPP. Malam Shekarau kuwa a shekarar 2022 kaɗai ya kwana a jam'iyya uku.

Abin da ke hana su barci, in ji wani mai ɗaukar jakar manya, rumbun ƙuri'un marigayi Buhari ne. Tun da aka binne shi a Daura ranar 15 ga Yuli, 2025, kowa yake lissafin wa zai gaji ƙuri'a miliyan 12 ɗin nan da ya samu a 2003 da 2011 ba tare da gwamnati a hannunsa ba. Kano kaɗai ta ba shi sama da miliyan 1.9 a 2015. Kowa yana cewa shi ne magaji. Abin da suka manta, ƙuri'ar ba gona ba ce da za a kira alƙali ya raba. Mutane sun yarda da mutum ɗaya ne, daidai ko kuskure, kuma yarda ba ta shiga rabon gado.

Zancen fada kuwa, bakina da linzami. Tun Mayun 2024 gari ɗaya yake da sarki a Gidan Rumfa da sarki a Nasarawa, shari'a tana hawa tana sauka, ƴan sanda suna hana hawan Sallah. Wani mai ɗinkin kayan doki ya ce mini shi bai san wa ke da gaskiya ba, abin da ya sani shi ne sirdi da jalala sun yi ƙura a shagonsa.

Mai shayinmu ne ya rufe zancen. Ya ce tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, shi jam'iyya ɗaya ya sani, sunanta kuɗin madara. An mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, amma mai albashin da ke shan shayi da ƙwai uku ya koma ruwan bunu da rabin burodi. Ga sabbin dokokin haraji na Janairun 2026. "Alhaji," in ji shi, "duk wanda ya zo neman ƙuri'a, ni ba hularsa zan duba ba. Zan tambaye shi me ya yi da kujerar da ya taɓa hawa." Na ce lallai wannan ya taɓa zama a bencin Injiniya.

Gwaggo da masu shuɗin hijabi

Ranar Talata na je gaida Gwaggo a cikin gari, na tarar an yi sallama da masu rigakafi. A watan Oktoban 2025 aka ƙaddamar da gagarumin zagayen rigakafin ƙyanda da ƴar uwarta rubela, haɗe da na shan inna, ana son a kai ga yara sama da miliyan 100. Matan suna tsaye a zaure da akwatin ƙanƙara, Gwaggo tana tsakar gida tana rantsuwa duk yaran sun tafi Islamiyya. Ni kuwa ina hango ƙafafu huɗu a ƙarƙashin gadonta.

Da suka tafi na ce, "Gwaggo, me ya yi zafi?"

Ta ce, "Kai yaro ne. Zazzaɓi ya kama jikana, ko farasitamol sai na saya. Wannan kuwa har gida, kyauta, da lallashi? Banza ba ta kai zomo kasuwa."

Ba zan raina tambayar Gwaggo ba, kuma duk jami'in da ya raina ta bai san garin nan ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a Asibitin Zana, a gwajin da ya shafi yara wajen 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi kisan, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin gwaji ake yi ba. Aka yi ta shari'a har 2009, lokacin da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Trovan magani ne, ba rigakafi ba, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

A kan wannan tabon aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano a 2003, bisa zargin an sa masa maganin hana haihuwa. Abin da masu yaɗa tsohon zargin ba sa faɗa shi ne ƙarshen labarin. An buɗe ciki an gani. An kafa kwamitoci, an kai ɗigon ɗakunan gwaji, aka samo wanda ake yi a Indunusiya, ƙasar Musulmi, sannan gwamnatin Malam Shekarau ta dawo da rigakafin a Yulin 2004. Amma cutar ta riga ta bazu, daga bisani ta kai ƙasashe wajen 20, har Sudan da Yaman da ita kanta Indunusiyar. Yaran da aka ɗiga wa a wancan lokacin su ne yau ke cika ɗakunan haihuwa, sai ka yi layi kafin ka samu gado. In da hana haihuwa a ciki, to maganin bai ci kuɗinsa ba.

An sha wuya kafin a kai gaci. A Fabrairun 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi tara a garin nan, Allah ya jiƙansu. Sarakuna ƙarƙashin Sarkin Musulmi suka shiga, masu unguwanni suka bi gida-gida. A 2016 aka ga asalin ƙwayar cutar karo na ƙarshe a Borno, a Agustan 2020 aka ba Afirka shaidar rabuwa da ita. Dalilin da har yau ake zagaye shi ne akwai wani reshen ƙwayar da ke ci gaba da yawo a inda yara da yawa ba su samu ɗigon ba, irin yaran ƙarƙashin gadon Gwaggo. Mashaƙo ma ya tuna mana. Tun ƙarshen 2022 da ya ɓarke, babu jihar da ya yi wa ɓarna kamar Kano, alhali rigakafinsa yana cikin allurar nan da ake yi wa jariri a sati 6 da 10 da 14.

Ga tsegumin. Akwai wani Alhaji a rukuninmu na WhatsApp, duk wata muryar da aka naɗa ana tsine wa rigakafi shi ke fara turo ta, da asuba, kafin ma a shafa addu'a. Wani ɗan bizar da ke shirya masa tafiya ya tsegunta mini cewa katin rigakafin Alhaji ya cika har an ƙara masa wani. Ta sanƙarau da Saudiyya ke nema kafin aikin Hajji, ta shawara, duk ya miƙa dantse ba gardama. Ƴaƴansa da ke karatu a waje ba allurar da ta wuce su. Ƴaƴan masu gadinsa yake yi wa nasiha su gudu.

Abin da ya fi ba ni tsoro kuwa bai iso kunnen Gwaggo ba tukuna. A Janairun 2025 Trump ya sa hannu a takardar fitar da Amurka daga Hukumar Lafiya ta Duniya, aka rushe hukumar agajinsu ta USAID, a watan Yuni kuma sakataren lafiyarsu ya ce sun daina ba Gavi kuɗi, ƙungiyar da ke tallafa wa ƙasashe irin namu sayen rigakafi. Kyautar da muke zargi ta fara ƙanƙancewa. Ministan lafiya Ali Pate ya san gidan ciki da bai, don shi aka zaɓa ya shugabanci Gavi a 2023 ya ajiye ya dawo gida. Muna da ɗakin haɗa rigakafi a Yaba ta Legas, tun 1991 aka rufe shi da sunan gyara. Na shanu da kaji dai har yau ana yi a Vom. Ranar da za a ce rigakafi sai da kuɗi, ina jin a ranar Gwaggo za ta yarda yana da kyau.

Kafin in tafi na gaya mata an fara rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Kebbi da Bayelsa tun Disambar 2024. Ta yi shiru, sannan ta ce, "In wannan ya zo, ka turo su." Na ce ai masu shuɗin hijabin nan ne za su kawo shi. Ta ce in tashi in ba ta wuri.

Baƙin da suka zo da biro

Wani ɗan ƙanena yana hidimar abinci a wani babban otal a Abuja, inda ake sa hannu a takardun fahimtar juna kusan kowane mako. Ya ce ya haddace tsarin kamar karatun allo. A jera tutoci ƙanana a tebur, a kawo biro mai tsada, a yi musabaha a tsaya cak har mai hoto ya gama, gobe jarida ta ce biliyoyin dala na tafe. In an shiga cin abinci kuma, baƙin tambaya uku suke yi ƙasa-ƙasa: wuta awa nawa ake samu, hanyar masana'anta lafiya ake binta, kuma in an ci riba ta yaya za a fitar da ita da dala. Ya ce ranar nan ana tsakiyar amsa tambayar farko aka ɗauke wuta, aka zauna a duhu ana jiran janareto ya kama. Wani baƙo ya mayar da bironsa aljihu a hankali.

Ku tuna a Satumbar 2023, da Shugaban Ƙasa ya je Indiya, an sanar da alƙawuran jari na dala biliyan 14. A daidai wannan tsakanin GSK mai Panadol ya sanar da naɗe tabarmarsa, P&G mai Pampers ya ce ya daina ƙerawa a nan sai dai ya shigo da kaya, Shoprite ta rufe reshenta na Kano a farkon 2024, Microsoft ma ya rufe cibiyar injiniyoyinsa ta Legas. Masu shigowa da alƙawari suke zuwa, masu fita da injuna suke fita. Ba na cewa babu mai zuwa da gaske. Ƴan Sin sun buɗe masana'antar sarrafa lithium a Jihar Nasarawa a 2024, kamfanin Mota-Engil na Fotugal yana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, duk mai bin hanyar Kazaure da Daura yana ganin aikin da idonsa. Irin wannan nake so, wanda zan taka da ƙafata.

Amma mu yi wa kanmu adalci. Bututun iskar gas na AKK, mai tsawon kilomita 614 daga Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, tun 2020 aka ƙaddamar da shi, an sa masa ranar gamawa ta fi a ƙirga. A Oktoban 2024 Arewa ta kwashe kwanaki a duhu bayan an lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna. Ka zaga Sharaɗa da Bompai da Challawa ka ƙirga ƙofofin da ciyawa ta rufe, sannan ka shiga Kantin Kwari ka tambayi daga ina atamfar take zuwa. Masaƙun Kaduna da suka ciyar da dubban gidaje sun zama kufai. Jari mafi girma da aka zuba a masana'anta a ƙasar nan, matatar da ke iya tace ganga 650,000 a rana, ɗan Kano ne ya zuba shi, kuma a Lekki ya kafa. Wani tsohon manajan masaƙa ya ce mini a ba shi wuta ta awa 20 a rana a riƙe bakin fasa-ƙwauri, ba sai an je ko'ina roƙon baƙo ba. Ƙudan zuma ba a aika masa goron gayyata, fure ake shukawa.

Mu talakawa ma muna da namu masu zuba jarin. A 2024 samari da ƴan mata, har da wasu dattawa masu furfura irin tawa, suka kwashe watanni suna dangwalar fuskar waya a Hamster Kombat, ana kiran juna ƴan baiwa, ana jiran ranar da za ta fashe. Da ta fashe a Satumba, da yawa abin da suka samu bai biya kuɗin data ba. A Afrilun 2025 CBEX, mai alƙawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ta rufe da dukiyar jama'a. Abin da ke ɗaure mini kai, mutumin da zai yi wa ɗigo biyu na rigakafi tambaya arba'in, shi ne zai tura jarin matarsa ga wanda bai taɓa ganin fuskarsa ba, don kawai an nuna masa hoton mota.

Kwali a ɗakin shugaban makaranta

Na kusa mantawa. Wani malamin sakandare, a wata ƙaramar hukumar da ba zan ambata ba, ya ce an kawo musu kwamfutoci ɗaki guda, an yanka kintinkiri, an yi hoto da manyan baƙi. Har yau suna cikin kwali a ofishin shugaban makaranta, don babu wuta, babu sola, babu malamin da zai koyar. Ya ce ya taɓa ɗaga kwali ɗaya ya leƙa, ya ga sitika tana sheƙi. Bai san me ke ciki ba, kuma yana zargin wanda ya sa hannu aka biya ɗan kwangilar ma bai sani ba.

Ɗaliban nan su ne za su zauna jarrabawar JAMB a gaban kwamfuta, wasunsu ranar ce ta farko da za su taɓa linzaminta. Ita kanta hukumar, da duk ƙwarewarta, a 2025 na'urorinta sun yi tuntuɓe, har shugabanta Farfesa Ishaq Oloyede ya zubar da hawaye a gaban ƴan jarida, aka sake wa ɗalibai kusan 380,000 jarrabawa. Na dai yaba masa, ya buɗe ciki ya nuna wa duniya. Ga shi ministan ilimi ya ce WAEC da NECO ma su koma kwamfuta a 2026. Hukumar zaɓe kuma ta samu sabon shugaba a 2025, Farfesa Joash Amupitan, kuma ba mu manta yadda sakamakon zaɓen shugaban ƙasa ya ƙi hawa intanet a kan lokaci a 2023 ba. Ranka ya daɗe, tun yanzu a kira masu sukundireba.

Jiya na koma Titin Beirut. Injiniya ya cire tsohon faifan ya sa SSD, ya ƙara ram, ya ɗora mata Linux, wadda kyauta ce kuma ba ta raina tsohon inji. Ya ce ba za ta yi tsere ba, amma za ta kai ni inda za ni, tunda yanzu na san abin da nake tuƙawa. Da ita na rubuta muku wannan.

Sitikar kuwa ya ɓare ta da farce ya miƙo mini. Da daddare a teburin mai shayi na fito da ita ina ba da labari, sai direban Yallaɓai ya karɓa, ya juya ta, ya shafa bayanta da yatsa.

"Alhaji, ai da sauran danƙo a jikinta. Bar mini ita. Kafin 2027 za a samu inda za a liƙa."

Ni dai ban faɗi sunan kowa ba. Sai wani makon, in mai kowa mai komai ya kai mu.